Wasiƙa: Kafin ku haɗe faifan kwamfuta biyu su zama ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da 'yan'uwanmu masu cin abinci da kwamfuta a ƙauyuka da ƙananan garuruwan Jigawa da Kano: masu tura fina-finai da karatu a waya, masu ɗaukar bidiyon biki da tafsiri, masu shagon buga takardu, da malaman da aka damƙa wa kwamfutar makaranta ko ta ofis. Akwai shawarar da ake yawan ba su, cewa idan faifan ajiya ya cika sai a sayo wani a haɗe su su zama ɗaya. Windows tana da hanyar yin haka, kuma tana aiki. Abin da ba a faɗa musu shi ne abin da zai biyo baya ranar da ɗaya daga cikin fayafayan ya mutu. Da yawansu ma faifan bai cika ba tun farko, wata iyaka ce dabam ta tare su.

Kowane faifai, ko filashi, ko memorin waya, sai an yi masa fomatin kafin ya karɓi kaya. Aikin fomatin shi ne shimfiɗa tsarin fayil, wato rajistar da ke riƙe sunan kowane fayil da girmansa da gurbin da yake zaune. Da lambobi rajistar take aiki, kuma kowace lamba akwai inda ba za ta wuce ba.

Iyakar da ta fi damun mutane ita ce ta FAT32, tsarin da Microsoft ya fitar a 1996, wanda har yau shi ne a kan yawancin filashi da memori masu giga 32 zuwa ƙasa. A FAT32 fayil guda ba ya kai giga 4, iyakarsa bait 4,294,967,295. Mai ɗaukar biki zai gama haɗa bidiyo mai giga 6, ya saka filashin da ke nuna saura giga 25, kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma. Sai ya zaci filashin ne ya lalace, ya koma kasuwa. Filashin lafiyarsa ƙalau. Kyamarar da ke ɗauka da megabit 24 a daƙiƙa tana cika giga 4 cikin kusan minti 24, shi ya sa kyamarori da yawa ke yanka ɗauka guda gida-gida da kansu. A danna dama a kan filashin, a zaɓi Properties, za a ga sunan tsarin a rubuce.

Idan kwamfuta ce kawai za ta karanta filashin, a buɗe Command Prompt da izinin mai kula, a rubuta convert E: /fs:ntfs, a sa harafin filashin a madadin E. Wannan yana mayar da shi NTFS, tsarin fayil na Windows da ba shi da iyakar giga 4, ba tare da goge kaya ba, amma ba a komawa FAT32 sai da fomatin, kuma gara a kwafe kayan tukuna ko da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Idan waya da kwamfutar Apple za su karanta shi, exFAT ya fi dacewa. An fito da shi a 2006, shi ne kuma ke zuwa a kan memorin da ya haura giga 32, sai dai komawa kansa fomatin ne, komai zai tafi. Idan kuwa talabijin ce ko rediyon mota ko tsohuwar na'urar kallo, da yawansu FAT32 kaɗai suka sani. A nan a bar filashin yadda yake, a yanka bidiyon tun a manhajar haɗawa, kowane kashi ƙasa da giga 4. Manhajar 7-Zip ma tana raba babban fayil zuwa gutsattsari masu lamba 001, 002, amma wannan don ɗauka daga kwamfuta zuwa kwamfuta ne, talabijin ba za ta kunna su ba, kuma gutsure ɗaya ya ɓata sauran ba su da amfani.

Masu tura waƙa da karatu suna da tasu iyakar da ba kowa ya sani ba. Folda guda a FAT32 gurbin suna 65,536 take da shi, kuma dogon suna yana cin gurbi fiye da ɗaya: kowane harafi 13 gurbi guda, da ƙarin ɗaya. Sunan da ya kai harafi 40, irin wanda ake jera sunan malami da na sura da shekara, gurbi biyar yake ci. Ke nan folda za ta ƙi karɓa tun fayil bai wuce 13,000 da 'yan kai ba, alhali rabin faifan babu komai. Maganin kyauta ne, a rarraba kayan cikin ƙananan foldodi. Ofisoshi kuma su kula da exFAT a kan babban faifai, domin idan ya haura giga 32 Windows tana yanka shi gurbi-gurbi na kilobait 128, takardar da ba ta wuce kilobait 10 ba sai ta cinye gurbi sukutum. Takardu 100,000 irin wannan za su ci wajen giga 13, abin da a NTFS bai fi giga ɗaya da 'yan kai ba. Faifan da ke zaune a ofis, NTFS ya kamace shi.

Sai rigimar da ake yi da 'yan kasuwa a banza. Faifan tera 1 yana nuna giga 931 a Windows, na giga 500 yana nuna 465, na tera 4 yana nuna 3,726. Ba a saci komai ba, kamfani da 1,000 yake ƙirge, Windows da 1,024. Inda ake cuta na gaske shi ne filashin jabu, wanda aka sa wa ƙwaƙwalwarsa ta ce giga 64 ne alhali 8 ne a ciki. Zai yi ta karɓar kaya, sunaye su fito daidai, amma duk abin da ya wuce ainihin girman ba ya buɗuwa. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika filashi ta karanto shi ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada tun ranar saye, kafin a ɗora masa aikin mutane.

Wanda ya sayo faifan tera 3 ko 4 kuma yakan ci karo da wata katangar. Idan ba a taɓa tsara shi ba, a karo na farko da aka jona shi aka buɗe Disk Management, wurin sarrafa fayafayai a Windows, sai ta tambaya ko MBR ko GPT, wato hanyoyi biyu na raba faifai ɓangare-ɓangare. MBR tun 1983 yake, gurabensa ba sa wuce biliyan 4.29, kowanne bait 512, ka ninka ka samu tera 2. Wanda ya zaɓe shi a faifan tera 4 zai ga giga 2,048 suna aiki, sauran 1,678 kuma baƙin layi ne a Disk Management, ba ya taɓuwa. Zaɓin Convert to GPT Disk ba ya dannuwa sai an goge duk ɓangarorin faifan, don haka ranar farko ake wannan shawara, ba bayan an zuba kayan shekara ba. Tsohuwar Windows XP ta 32 bit ba ta karanta GPT, wasu tsofaffin talabijin ma haka. Akwai kuma tsohon kesin na USB da ba ya ganin abin da ya wuce tera 2, da wani irin da ke sauya lissafin gurabe, ta yadda idan aka zare faifan aka jona shi kai tsaye cikin kwamfuta sai ta ce ba a taɓa yi masa fomatin ba. A mayar da shi kesinsa na asali, kayan suna nan.

To, a ce duk an duba waɗannan, faifan ya cika da gaske. Hakan na faruwa, kuma da sauri. Mai ɗaukar tafsirin azumi awa biyu kullum, kwana 29, da kyamarar da muka ambata, zai tara sama da giga 600 a wata guda. Idan kyamara biyu ce ya haura tera ɗaya tun bai fara haɗawa ba. A nan ne ake kawo masa shawarar haɗe fayafayai.

Ga yadda abin yake. A Disk Management akwai New Spanned Volume, yana ɗaukar faifai biyu har zuwa 32 ya jera su a ƙarƙashin harafi guda. Faifan tera 1 da na tera 2 su zama D mai tera 3. Gwanin sha'awa a ido. Amma rajista guda ce ke riƙe da su duka, kuma Windows ba ta yi alkawarin ajiye kowane fayil cikakke a faifai ɗaya ba, rabin bidiyo na iya zama a nan, rabi a can. Ranar da ɗaya ya mutu, harafin D gaba ɗaya ne ke ɓacewa, har da kayan da ke kan lafiyayyen. Idan wanda rajistar ke kansa ne ya tafi, abin da mai ceto zai iya tsamowa gutsattsari ne marasa suna. Ɗan'uwansa Striped Volume, wanda ake kira RAID 0, ya fi shi sauri kuma ya fi shi haɗari, domin shi yanka kowane fayil yake kilobait 64, 64, yana rarrabawa tsakanin fayafayan, ɗaya ya mutu babu babban fayil ko guda da zai tsira. Kamar manomi ne ya haɗe rumbunansa uku da jinka ɗaya don su yi kyan gani, wuta ta kama ɗaya ta lashe duka.

Lissafin ma ba ya goyon baya. Mu ɗauka, don misali kawai, kowane faifai yana da kashi 5 cikin 100 na yiwuwar mutuwa a shekara. Idan uku ne a ware, ɗaya ya mutu, sulusin kayanka ka rasa. Idan an haɗe su, yiwuwar ka rasa komai ta haura kashi 14. Ka kuma tuna irin fayafayan da ake haɗawa a wajenmu: na hannu ne, an ciro daga tsohuwar laftof, babu wanda ya san awa nawa suka yi suna juyi. Wanda ya fi tsufa a cikinsu shi zai yanke wa sauran wa'adi.

Akwai abin da ya fi shafar mai turi. Sana'arsa ta yawo ce, Alhamis yana Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Faifan da aka haɗe ba a zare ɗaya a jefa a jaka a tafi kasuwa da shi, shi kaɗai ba ya buɗuwa a ko'ina. Sai an kwashi dukansu, an jona su tare, an shigar da su sabuwar kwamfutar ta Import Foreign Disks. Haɗin yana mayar da fayafayan wani nau'i da ake kira dynamic, kuma ba a dawo da su yadda suke sai an goge komai. Microsoft da kansa ya daina ba da shawarar amfani da wannan nau'in. Abin yana ba mu takaici idan muka ga an yi wa mai ƙaramin jari wannan haɗin an karɓi kuɗinsa, ba a ce masa uffan game da haɗarin ba.

Abin da yawancin mutane ke so a zahiri shi ne su buɗe wuri ɗaya su ga kayansu duka, ba tare da neman D da E da F ba. Wannan ana samunsa ba tare da haɗe komai ba. A buɗe folda sabuwa wadda babu komai a ciki a kan faifan NTFS, a ce sunanta Tafsiri a cikin D. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta diskmgmt.msc, Disk Management zai buɗe. A danna dama a kan sabon faifan, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, sai Add, sai zaɓin da ke cewa a ɗora shi a kan folda, a nuna masa Tafsiri. Daga nan duk abin da aka jefa cikin wannan foldar a sabon faifan yake sauka. Kowane faifai yana nan da rajistarsa, ɗaya ya mutu sauran ba ruwansu, kuma ana iya zare shi a kai wata kwamfutar ya buɗu. Illarsa ɗaya, kai za ka lura da wanda ya kusa cika. A raba kayan yadda hankali zai ɗauka: fina-finai a ɗaya, karatu da wa'azi a ɗaya, bukukuwa shekara-shekara. A manna takarda a jikin kowane faifai, a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka fara amfani da shi.

Wanda aikinsa ya wajabta masa babban wuri guda, kamar makarantar da ke tara bidiyon darussa, ya bi ta Storage Spaces, wanda ke cikin Windows tun daga Windows 8 ta 2012. A Control Panel ake samunsa, a zaɓi ƙirƙirar sabon rukuni, a nuna fayafayan. A sani, duk faifan da aka zaɓa gogewa za a yi. Wurin da ake tambayar nau'in kariya shi ne wurin da ake yin kuskure. Simple ba shi da kariya ko kaɗan, an gudu ba a tsira ba. Two-way mirror, wato tagwaye, yana son faifai biyu, yana rubuta komai sau biyu, faifan tera 2 guda biyu su ba ka kusan tera 1.8, ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Parity yana son uku, na tera 2 guda uku su ba ka kwatankwacin filin guda biyu daga cikinsu, amma yana da nawa wajen rubutu, bai dace da mai haɗa bidiyo ba. A yi ƙoƙari fayafayan su zama girma ɗaya, domin idan aka yi tagwaye da na tera 1 da na tera 2, ƙaramin ne ma'auni. Kada kuma a rubuta girman da ya wuce abin da ke akwai. Windows za ta yarda ka rubuta tera 10 a kan faifan tera 2, amma ranar da ainihin wurin ya ƙare, sai ma'ajiyar ta tsaya cak har a ƙaro faifai. Masu manyan ma'ajiya su riƙe cewa NTFS mai gurbin kilobait 4 ba ya faɗaɗa ya wuce tera 16, wanda ke hangen wuce nan ya zaɓi kilobait 64 tun wajen fomatin.

Masu Linux sun san LVM, hanyarsu ta haɗe fayafayai, kuma hukuncin ɗaya ne, jeren da ba tagwaye ba faifai ɗaya ke rusa shi. Idan ext4, tsarin fayil na Linux, ya ce ya cika alhali akwai fili, a duba df -i, wataƙila guraben rajista ne suka ƙare saboda yawan ƙananan fayiloli.

Tagwayen faifai ma ba kwafin ajiya ba ne, kuma wannan muna so a ji shi da kyau. Abin da yaron shago ya goge da kuskure, a duka biyun ya gogu. Bairos ya shiga, duka biyun ya shiga. Janareta ya ɗaga wuta ya ƙona kwamfuta, ko ɓarawo ya fasa shago, tare za su tafi. Fina-finai da waƙoƙi ana sake samo su wurin abokin sana'a, amma bidiyon ɗaurin auren 'yar wani, ko karatun malamin da ya rasu, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ba su da na biyu. Irin waɗannan yawanci ba su kai rabin abin da ke kan faifan ba. A ware musu faifai dabam, a riƙa kwafa duk mako, a zare shi a kai gida. Umarnin robocopy D:\Aiki F:\Aiki /E yana kwafe sabo da wanda ya sauya kaɗai, ya tsallake wanda ke nan. A guji ƙara masa /MIR sai an fahimce shi, domin shi yana goge duk abin da babu shi a asali. A ba kwafin farko lokaci: ta USB 2 tera ɗaya yana cin awa takwas zuwa tara, ta USB 3 mai shuɗin baki kusan awa uku. A fara lokacin da batirin sola ya cika ko an tabbata da man inji. Bayan an gama a buɗe fayil biyar ko shida daga wurare dabam-dabam a gani suna kunnuwa har ƙarshe.

Yanayinmu ma yana cin faifai. A watan Afrilu, cikin shagon kwano, faifan da ke aiki tun safe yana iya kusantar digiri 55 zuwa 60 da kamfanoni suka sa a matsayin iyaka. Kada a jera su ɗaya bisa ɗaya, kada a ɗora a kan katifa ko darduma, a bar iska tana ratsawa, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar kwamfuta. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar adaftarsa ta bolt 12. Ƙaramin mai inci 2.5 daga USB yake shan wuta, kuma bakin USB 2 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, na USB 3 kuma 900. Idan aka jona uku a ƙaramin marabi (USB hub) mara wutar kansa, za ka ji suna ƙas, ƙas, suna ɗaukewa suna dawowa. Yunwar wuta ce, kuma kowace ɗaukewa ana tsakiyar rubutu tana iya ɓata rajista, musamman a FAT32 da exFAT da ba su da littafin bin sawun da NTFS ke gyara kansa da shi. A sayi marabi mai adafta, a sa wa kwamfutar tebur UPS ko da na minti goma ne, a kuma riƙa sallamar faifai ta Eject kafin a zare. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna zafi da awannin da faifai ya yi. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi. Faifan da ya nuna rawaya a kwashe kayansa a ranar, kada a saka shi cikin kowane irin haɗi.

Idan kuma wata rana an jona faifai mai kaya, Windows ta fito da akwatin da ke cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, a danna Cancel. A sauya kebul, a gwada wani bakin USB, a gwada wata kwamfutar. Idan yana ƙara ko yana ɗaukewa, a kashe shi, kada a sa masa chkdsk, umarnin Windows na gyaran rajista, domin gyaran rajista a kan faifan da ke mutuwa yana ƙara ɓarna. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, a kan hoton zai yi aikin ceto, kuma abin da ya tsamo ba zai mayar da shi kan faifan da ya lalace ba. Wanda ke da haɗaɗɗun fayafayai ya kai masa su duka, tare da bayanin wanda aka fara jonawa.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu masu gyaran kwamfuta da haɗa bidiyo,
yankin Ringim da Taura, Jihar Jigawa.